Murnar Da Ake Jiyowa Daga Nesa: Nazarin Kalmar "Jubilation"

Duk wanda ya saba karanta jaridun Turanci, musamman washegarin zaɓe ko washegarin wasan ƙarshe na wata gasa, ya san kalmar *jubilation*. A kanun labari take zuwa, da manyan baƙaƙe, ƙarƙashinta kuma hoton mutane sun ɗaga hannuwa sama, bakuna a buɗe. Ƙamusoshin Ingilishi sukan ce ma'anarta matsanancin farin ciki ne da ke biyo bayan nasara. Bayanin bai yi ƙarya ba, sai dai ya bar ginshiƙin zancen a baya. Ingilishi yana da kalmomin farin ciki barkatai, irin su *joy* da *happiness* da *delight*, kuma kowacce a cikinsu mutum yana iya riƙe ta a zuci ya ja bakinsa ya yi shiru, ba wanda zai sani. *Jubilation* ba ta zaman zuci. Murna ce da ta fito fili ta zama ƙara, har na nesa ya jiyo. Abin da nake son nunawa a wannan nazari shi ne, tun daga tushenta har zuwa yau, kalmar ta murya ce kafin ta zama ta zuciya, kuma wannan ne ya shata mata inda take shiga da inda ba ta shiga, da abin da take bayyanawa da wanda take rufewa.

A baki gaɓa huɗu ce, ju-bi-lei-shan, ana danna murya a kan gaɓa ta uku. Siffarta *jubilant* ce, a nan dannawar ta koma gaɓar farko. Akwai kuma aikatau, *jubilate*, wanda za mu dawo kansa daga baya domin yana da labari na daban a Afirka ta Yamma. Dukkansu daga aikatau ɗaya na Latinanci suka fito, *iubilare*, wanda Rumawa ke furta harafinsa na farko kamar "y". Tsohon Faransanci ne ya mayar da sautin "j", Ingilishi ya gaje shi a haka. Jamusawa har gobe da "y" suke furta tasu, *Jubel*.

Abin da zai ba mai nazari mamaki shi ne, a farkon lamari babu farin ciki ko kaɗan a cikin kalmar. Malamin nan na Rumawa, Marcus Terentius Varro, wanda ya rayu daga shekara ta 116 zuwa ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa, ya taɓo ta a littafinsa kan harshen Latin. Ya kwatanta ta da wata kalma, *quiritare*, wadda mutanen birni ke amfani da ita ga wanda ya yi kururuwa yana neman 'yan gari su kawo masa ɗauki. Ya ce takwararta a bakin mutanen karkara ita ce *iubilare*. Ke nan kira ne na ƙauye, ihun da mutum ke yi daga wannan gona domin na waccan gonar ya ji. Masana asalin kalmomi suna ganin daga sautin ihun kansa aka ƙera ta, wani abu mai kama da "yu!". Ba kalmar fada ba ce, ba ta masu waƙen birni ba ce, kuma manyan marubutan Rum na wancan zamani ba su damu da ita ba.

Kiristocin farko masu Latinanci ne suka ɗauko ta daga gona suka shigar da ita ɗakin ibada, kuma a hannunsu ne nasara ta shiga cikinta. Sa'ad da suke fassara Zabura, sai suka ci karo da wata kalmar Ibrananci mai tushen *rua'*, wadda sunanta *teru'ah* ne. Wannan kalma ta ihun yaƙi ce, da busar ƙaho, da sowar da jama'a ke yi wa sarki. Ita ce a labarin ganuwar Yariko, inda aka umarci runduna ta ɗaga murya gaba ɗaya. Masu fassarar Girkanci sun riga sun ba ta *alalazein*, wadda ita ma daga kururuwar mayaƙa aka samo ta. Masu Latinanci suka duba rumbunsu, suka ɗauko ihun mutanen ƙauye suka ɗora masa wannan kaya. Daga nan *iubilare* ta zama ihun waɗanda Ubangijinsu ya ba su galaba. Abubuwa uku suka haɗu a cikinta ke nan: murya daga karkarar Italiya, nasara daga fagen fama na Ibraniyawa, da taro daga wurin ibada.

Wanda ya fi kowa zurfafa tunani kan kalmar a wancan zamani shi ne Agustin, limamin Kirista na birnin Hippo, wato Annaba ta Aljeriyar yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. A wa'azozinsa kan Zabura ya tsaya a kanta ba sau ɗaya ba. Bayaninsa a taƙaice shi ne, akwai matakin da murna ke kaiwa inda kalmomi ke gaza ɗaukarta, amma kuma mutum ba ya iya yin shiru, sai ya saki murya ba tare da magana ba. Misalin da ya kawo na masu girbi ne da masu tsinkar inabi. Sukan fara aiki da waƙa mai baitoci, in daɗi ya kai musu ko'ina sai su yar da baitocin su ci gaba da sauti zalla. A waƙoƙin cocin Roma na da, sunan *jubilus* aka ba wa dogon jan murya da mawaƙa ke yi a kan wasalin ƙarshe na kalmar Halleluya, suna hawa suna sauka a kan "a" ɗaya tak.

Bahaushe ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane abin da Agustin ke nufi, domin yana da guɗa. A dubi tsohuwa ranar da aka kawo amarya, ko ranar da aka ce mai naƙuda ta sauka lafiya. Za ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta kama hanci da yatsu biyu, ta ɗaga kai ta rangaɗa, harshe yana kaɗawa a cikin baki. Ba ta faɗi kalma ko ɗaya ba, amma maƙwabta na bayan katanga sun riga sun san an samu abin da ake jira. Wannan shi ne *jubilus* ɗin, sak: sanarwa ce ba da magana ba, kuma ba don mai yin ta kaɗai ake yi ba, don masu ji ake yi.

A ƙarshen ƙarni na 14 kalmar ta shiga Ingilishi, ta ƙofar addini. Tana cikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ake dangantawa da John Wycliffe da almajiransa, a Zabura ta ƙarshe, inda aka jingina ta ga wasu fayafayan ƙarfe da ake gwarawa su ba da amo. Ko a shigarta ta farko ke nan, da ƙara ta shigo. Tun daga 1552 kuma littafin addu'o'in Cocin Ingila ya sanya Zabura ta 100 cikin ibadar safe, mutane suka saba kiranta da kalmarta ta farko a Latinanci, *Jubilate*. Siffar *jubilant* kuwa ta makara. A *Paradise Lost* na John Milton, wanda aka buga a 1667, aka fara ganinta a rubuce, a littafi na bakwai, wurin da mawaƙin ke siffanta ayarin sama yana komawa da kaɗe-kaɗe bayan an kammala halittar duniya cikin kwana shida. Aiki ya ƙare, an yi nasara, ayari yana tafe, amo ya cika ko'ina. Duk abin da kalmar za ta ɗauka a jaridun ƙarni na 20 yana nan a wannan wuri guda.

Dole a tsaya a warware wani ruɗani, domin ko Turawan kansu sukan faɗa cikinsa. Kalmar *jubilee*, wadda ake amfani da ita ga bikin cika shekara 25 ko 50 ko 60, ta yi kama da *jubilation* kamar uwa ɗaya uba ɗaya, alhali ba su haɗa jini ba. *Jubilee* daga Ibrananci take, *yobel*, wato rago ko ƙahonsa da ake busawa. A babi na 25 na Littafin Firistoci an shar'anta cewa bayan shekara bakwai sau bakwai, wato 49, za a busa ƙaho a shelanta shekara ta 50. A cikinta gonar da aka sayar tana komawa hannun dangin da suka gaje ta, Ba'ibranen da talauci ya jefa cikin bauta yana samun 'yanci, ƙasa kuma tana hutawa ba shuka. Doka ce ta lissafin shekaru da mayar da haƙƙi. Da kalmar ta shiga Latinanci, sai kunnen masu harshen ya jawo ta kusa da *iubilare* da suka riga suka sani, wasalinta ya rikiɗe ta zama *iubilaeus*. Tun daga nan aka ɗaura musu auren da har yau bai mutu ba. Fafaroma Boniface na Takwas ya shelanta shekarar *jubilee* ta farko ta Cocin Katolika a 1300. Sarauniya Victoria ta yi nata na shekara 50 a 1887 da na 60 a 1897, Sarauniya Elizabeth ta Biyu kuma ta kai na 70 a 2022. A Ghana, rijiyoyin man da aka gano a teku a 2007 sun samu sunan Jubilee saboda shekarar ta dace da cikar ƙasar 50 da samun 'yancin kai.

Bambancin da ke tsakanin kalmomin biyu ba na asali kaɗai ba ne. *Jubilee* kalanda ce ke kawo ta. Ana sanin ranarta tun da shekaru, a kafa kwamiti, a ware kuɗi, a ɗinka anko. *Jubilation* ba a sa mata rana. Ranar 1 ga Oktoba 2010 Nijeriya ta yi *golden jubilee*, an yi fareti a Dandalin Eagle da ke Abuja, amma bama-baman da suka tashi cikin motoci kusa da wurin suka hallaka mutane, aka watse cikin juyayi. An yi ta farkon a ranar, ta biyun ba ta samu ba. Ga kuma wani reshe da auren kalmomin ya haifar a Sifaniyanci, wanda yakan rikita mai koyo: a can *jubilación* ritaya take nufi, *jubilado* kuma ɗan fansho, kuma masana harshen suna danganta hakan da tsohuwar al'adar sallamar ma'aikaci bayan shekara 50 yana aiki. In murnar suke nufi, *júbilo* suke cewa.

Mu dawo ga yadda ake amfani da ita a Ingilishin yau. A nahawu suna ne da ba a cika ƙirga shi ba, ba kasafai ake ba shi jam'i ba. Abokan tafiyarta su ne ke tona asirinta. Ana cewa *scenes of jubilation*, wato abin da ido ya gani na murna a fili. Ana cewa *jubilation erupted*, da aikatau ɗin da ake ba dutse mai aman wuta. Ana cewa an tarbi labari *with jubilation*. Siffar kuma ta fi zama a gaban sunayen taro: *crowd*, *fans*, *supporters*, wato cincirindo da 'yan kallo da magoya baya. Ana iya ba mutum ɗaya ita, kamar kyaftin ɗin da ya ɗaga kofi, amma ko shi sai don ana ganinsa yana yi. Ba kasafai Bature zai ce *I am jubilant* game da kansa ba. Kalma ce ta mai kallo, ta wanda ya tsaya gefe yana ba da rahoton abin da wasu ke yi.

Akwai wani sharaɗi da ƙamus ba ya ambata amma duk mai harshen yana kiyaye shi, wato sai an yi zaman ɗar-ɗar kafin ta zo. Abin da aka tabbatar zai faru ba ya haifar da ita. Albashin da ya shigo a ranarsa ba ya jawo *jubilation*, amma bashin albashin wata takwas da aka fitar da rai da shi yana jawowa. Ranar 31 ga Yuli 1996, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta, Brazil tana gaban Nijeriya da ci 3 da 1 har wasa ya doshi ƙarewa. Victor Ikpeba ya rage ɗaya, Nwankwo Kanu ya farke a minti na ƙarshe, sannan ya ci ƙwallon da ta kashe wasan a ƙarin lokaci, aka tashi 4 da 3. Ranar 3 ga Agusta aka doke Ajantina 3 da 2, Emmanuel Amunike ya ci ta ƙarshe ana dab da busa tashi. Da Nijeriya ta yi ta lallasa abokan karawarta tun daga farko ba gardama, da an yi farin ciki, amma abin da ya fitar da mutane tituna cikin dare fargabar da ta gabata ce ta haife shi. Gwargwadon tsoron da aka sha, gwargwadon ƙarfin ihun.

Wanda ke son ganin abin kusa da kusa, ya leƙa gidan kallon ƙwallo lokacin bugun fenareti na ƙarshe. Benci ya cika, wasu a tsaye jikin langa-langa, ba abin da ake ji sai ƙugin janareta a waje. Wani ya ɗora hannu biyu a ka, wani ya juya wa allon baya ya ce shi ba zai iya kallo ba, mai sayar da ruwan leda ya tsaya da tire a hannu ya manta da ciniki. Ƙwallo ta taɓa raga. Kafin ƙiftawar ido benci ya kife, takalma sun watse, mutum ya rungume wanda bai san sunansa ba, kuma in ka kasa kunne ba za ka tsinci jimla ko ɗaya ba, sai wasali. Daƙiƙoƙin nan su ne kalmar ke nufi, ba hirar da za a yi a teburin mai shayi bayan awa guda ba. Shi ya sa ba ta da tsawon rai, kuma shi ya sa ɗaya daga cikin jimlolin da aka fi saka ta ciki ita ce wadda ke cewa ba ta daɗe ba, *short-lived*, kamar in alƙalin wasa ya je ya duba na'ura ya soke cin. Murna ta koma ciki ke nan.

A wancan ɗakin kallon akwai wasu mutane da ban ambata ba: magoya bayan ƙungiyar da aka ci, waɗanda suka sulale ta ƙofa ba wanda ya lura. A nan ne, a ganina, nazarin kalmar ya fi amfani, kuma ba za a gane shi ba sai an jera ta da maƙwabtanta.

Mafi kusa da ita *exultation* ce, daga Latinanci *exsultare*, yin tsalle sama. Ɗaya ta murya ce, ɗaya ta ƙafa, kuma sun daɗe suna tafiya tare: waƙar coci da Mozart ya tsara a Milan a Janairun 1773, yana ɗan shekara 16, sunanta *Exsultate, jubilate*. Amma *exult* tana da wani ɗan'uwa na jini da ke nuna halinta, wato *insult*, zagi ko cin mutunci, wanda asalinsa yin tsalle a kan wani ne. A Ingilishi ana cewa *exult over* wane, a ambaci wanda aka kayar a cikin jimlar. Tana kuma iya zama a zuciyar mutum ɗaya, a ɓoye. *Elation* daga kalmar da ke nufin an ɗaga sama take, kuma da farko zargi ce: a hikayoyin Canterbury na Chaucer, cikin wa'azin limamin ƙauye, an lissafa ta a rassan girman kai, halin wanda ba ya jure a ce yana da na gaba ko tsara. Yau ta wanke, ta zama ɗoki da sauƙin zuciya, ba ta bukatar abokin hamayya, har likitocin ƙwaƙwalwa suna amfani da ita ga hauhawar yanayi irin ta rashin lafiya. *Gloat* kuwa ba ta ɓoye komai, dariyar ƙeta ce, "Allah ya ƙara" ce.

Sai *triumph*, uwar tafiyar. A Rum biki ne da majalisar dattawa ke amince wa kwamandan da ya ci babban yaƙi. Yakan shigo birni a karusa mai dawaki huɗu, ya nufi haikalin Jupiter a kan tudun Capitol, ganima da fursunoni cikin sarƙa suna gabansa. Jugurtha sarkin Numidiya, a Arewacin Afirka, an ja shi haka a bikin Marius a shekara ta 104 kafin haihuwar Annabi Isa, ya mutu a kurkuku. Vercingetorix shugaban mutanen Gaul an ja shi a bikin Julius Kaisar a shekara ta 46, aka kashe shi bayan an tashi. A *triumph* wanda aka ci da yaƙi yana tsakiyar fage, ba a yin bikin sai da shi.

In aka jera su haka sai a ga abin da ya keɓe *jubilation*. A *triumph* ana jan wanda aka kayar a titi, a *exult over* yana cikin jimla, a *gloat* shi ake kallo ana dariya. A *jubilation* babu shi sam. Kalmar tana bukatar a ce an yi karo an samu galaba, amma idonta yana kan masu ihu kaɗai. Wannan ne ya sa take da tsabta a kunne, ba ta ɗauke da zargi, har ɗan jarida yana iya amfani da ita ba a ce ya soki kowa ba. Da Turawan Ingila suka so su yi tir da irin wannan murna, sai da suka ƙera wata kalmar. Garin Mafeking na Afirka ta Kudu ya sha ƙawanya kwana 217 a yaƙin Boer, aka cece shi ranar 17 ga Mayu 1900. Da labari ya isa Landan washegari da dare, jama'a suka yi ta hauka a tituna har abin ya ba masu faɗa-a-ji tsoro, sai 'yan jarida suka yanko *mafficking* daga sunan garin, suna nufin murnar da ta wuce gona da iri. *Jubilation* ba ta iya ɗaukar wannan tsawa ba.

Tsabtar tata ita ce kuma haɗarinta. Faɗuwar wani tashin wani, in ji Hausawa, amma kalmar tashin kawai take gani. Ranar 8 ga Mayu 1945, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a Turai, Landan ta cika ta batse, Churchill ya fito barandar fadar Buckingham tare da iyalan sarki, kuma da wannan kalma ake ba da labarin ranar har yau. A daidai wannan rana yaƙi da Japan bai ƙare ba, sojojin Afirka ta Yamma, da Hausawa masu yawa a cikinsu, suna can dazukan Bama, ga kuma gidajen da ba wanda zai dawo musu. Ba ƙarya aka yi ba da aka ce an yi *jubilation*, sai dai kalmar ta yanke hoton daidai inda taron ya ƙare.

Jaridun Nijeriya na Turanci sun mayar da ita wani salo na kanun labari: *Jubilation in* gari kaza *as* abu kaza ya faru, sau da yawa da ƙarin *wild* a gaba. A dubi shari'ar zaɓen gwamnan Kano na 2023. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf ta ba Nasiru Yusuf Gawuna, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a Nuwamba, sannan ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta rushe hukunce-hukuncen biyu ta bar gwamnan a kujerarsa. A kowane mataki akwai waɗanda suka yi sowa, akwai waɗanda suka yi jugum, kuma duka Kanawa ne. Kanun da ya ce *jubilation in Kano* ya ba wa birni mai miliyoyin mutane baki ɗaya. Suna ne da ba ya neman mai aikatawa, ba ya tilasta wa marubuci ya faɗi su wa, su nawa, a wace unguwa. Ina ganin wannan ne dalilin da editoci ke sonta, kuma shi ne dalilin da ya kamata mai karatu ya tsaya mata da tambaya.

Game da aikatau ɗin *jubilate*, a Ingila da Amurka ya kusa zama kayan tarihi. Yana cikin ƙamus tun ƙarni na 17, amma da wuya ka ji shi a bakin mutum, sun fi cewa *celebrate* ko *rejoice*. A Nijeriya da Ghana kuwa yana nan da ransa, a jarida da rediyo da bakin ɗan makaranta: magoya baya suna *jubilating*, an gargaɗi jama'a kada su yi *jubilate* kafin a sanar da sakamako. Wasu malaman Turanci sukan ja masa jan biro. Ban ga hujjarsu ba. Kalma ce ta asali, ginin nahawunta daidai yake, kuma tana yin aikin da *celebrate* ba ta yi, domin ana iya *celebrate* da liyafar cin abinci cikin natsuwa mako guda bayan nasara, amma ba a *jubilate* sai a take, da murya. In wani abu ne ma, aikatau ɗin ya fi sunan gaskiya, tun da shi dole ne a faɗi wanda ya yi.

Mai fassara zuwa Hausa, musamman a ɗakin labaran rediyo inda ake aiki da agogo, hannunsa yakan fara kaiwa ga "farin ciki". Ita ce mafi rauni a nan, domin kamar yadda ginin kalmar ya nuna, a ciki take, ga ta kuma tana iya daɗewa shekaru. "Murna" ta fi kusa, don ana yin ta, ana taya wani ita, tana da ranar farawa. Amma ita kaɗai ba ta da amo, sai an ƙara mata: ihun murna, tsallen murna, gari ya kaure da murna. "Sowa" ta kama muryar da taron gaba ɗaya, kuma a yawancin labaran wasanni da siyasa ita ce ta fi dacewa, a ce an ɓarke da sowa. "Shewa" tana da ƙaiƙayi, takan karkata wajen gwalo da habaici, don haka ta fi kusa da *gloat* a wasu wuraren. "Guɗa" ita ce ta yi daidai da tsohuwar ma'anar ta Agustin, sai dai ta mata ce kuma ta biki ce, ba za a ce 'yan majalisa sun yi guɗa ba. "Shagali" da "biki" na ɓangaren *jubilee* ne, abin da aka shirya.

Hausa ba ta da suna guda da ya haɗa murya da taro da nasara da fargabar da ta gabata, don haka fassara mai kyau takan zama jimla, ba kalma ba. Sai dai Hausar ma tana da tata hanyar ɓoye mai aikatawa, wato "an". Wanda ya rubuta "an yi ta sowa a Kano" ya kwafo kalmar tare da makantarta. Wanda ya rubuta "magoya bayan gwamna sun fito tituna suna sowa", ya kuma ambaci titunan in wakilinsa ya gan su, ya faɗi abin da Turancin ya faɗa, ya ƙara da abin da ya tsallake.